Sarkin Takalma a Ƙofar Gidan Tsalle

Tun da aka fara jin ƙamshin dogon hutu yaran layinmu a Samaru suka hana ni sakat. Da na fito sayen ƙosai sai in ji, "Yaya Bitrus, ka kai ni wurin Madam mana, ni ma in samu aikin gidan tsalle." In ka tambayi yaro me ya sani game da aikin, sai ya ce, "Ai ba wani abu ba ne. A hura, a yi tsalle, a ci shinkafar biki, a dawo gida." To ni da na tsufa a wannan sana'a, na ga jiya na ga yau, har shekaruna goma sha bakwai sun fara yi mini ciwon baya, bari in zauna in ba ku labari, don kada gobe wani ya ce ba a faɗa masa ba.

Ga wanda bai sani ba, gidan tsalle shi ne ƙaton ɗakin nan na roba da ake hura wa iska a wurin biki, yara su shiga su yi ta tsalle kamar kwaɗi sun ga ruwan fari. Namu ja ne da rawaya, yana da ginshiƙi a kowace kusurwa, da rufi a sama saboda rana. In ya cika da iska sai ka rantse yaro ma zai ɗaga shi da hannu ɗaya. In ya sace, ƙarti ne ke kama shi suna nishi, kowa yana zargin ɗan'uwansa da sakin gefensa.

Mai shi Maman Ebuka ce, mu dai Madam muke ce mata. Shagonta yana wani lungu a bayan PZ, a Sabon Gari, inda take ba da hayar kujeru da rumfuna. Iyayenta daga kudu suka zo, amma ita a Sabon Gari aka yanke mata cibi, kuma in ta jefe ka da karin magana sai ka koma gida ka tambayi kakarka fassara. Ita da Mama, wato mahaifiyata Saraya, wurin mai kifi ɗaya suke sayayya, kuma nan ne aka ƙulla mini wannan makirci. A hutun da na gama ƙaramar sakandare ne. Na kwashe kwanaki ina koya wa akuyar maƙwabta hawa katanga, kuma ta fara ganewa, sai Mama ta ce in zaɓa: ko aiki wurin Madam, ko ƙauye wurin Kawu in yi noman masara. Na tuna girman gonar Kawu, na ce ai ni tun ina ciki nake sha'awar kasuwanci.

Ranar farko Madam ta dube ni daga sama, tana saukowa a hankali, har idonta ya isa ƙafata ya tsaya. Silifas ne a ƙafata, ɗaya shuɗi ɗaya kore. Shuɗin na gada daga yayana, ya fi ƙafata tsawo, koren kuma hancinsa ya taɓa tsinkewa, na riƙe shi da ƙusa ta ƙasa.

"Waɗannan takalma ne ko horo ake yi maka a gida?"

"Madam, ai ƙafa ba ta san launi ba."

"To madalla. Tun da kai malamin takalmi ne, aikinka ya samu."

A wannan sana'a akwai manya akwai ƙanana. Madam ce a sama, da usur a wuyanta. Sai Malam Tanimu, mutumin Unguwar Gabas, mai kula da janareta da injin hura iska, wanda ba ya amsa gaisuwa in inji na aiki, don yana sauraron shi kamar likita da ƙirjin majinyaci. Sai masu dako da ake ɗauka ranar aiki. Sai guduma, da turakun ƙarfe, da igiya, da buhunan yashi na daɓen siminti inda turke ba ya shiga, da gam da faci, da bokiti, da tsumma. A ƙarƙashin tsumma, in ka duba da kyau, za ka ga mai gadin takalma. Ni ke nan.

Aikina shi ne in shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, duk yaron da zai shiga ya cire takalmi ya ajiye a kai. Na ɗauka don kada a yaga roba ne kawai. Madam ta kama kunnena ta ce akwai abin da ya fi wannan.

"Buɗe kunnenka. Gidan nan yana da lungu. Yaro yakan gaji ya shige bayan ginshiƙi ya kwanta, ba ka gan shi ba, ban gan shi ba. Takalmi ne zai gaya maka. Muddin akwai takalmi a tabarma, akwai mutum a ciki. Ba a naɗe gida sai tabarma ta zama wayam. Kuma ba yara kaɗai ba, ko kai ne za ka shiga ɗauko tsinke, ka cire. Ka ji?"

Na ce na ji. A gaskiya rabin hankalina yana kan kular shinkafa da aka shigo da ita. Amma ta yi ta maimaita mini, da baki da ranƙwashi, har ya zama ko ɗakin gwaji na makaranta zan shiga sai in ji ƙafata tana neman zame takalmi.

Aikin fita na farko a Shika ne, bikin zagayowar ranar haihuwar wata yarinya. Malam Tanimu ya ba ni guduma ya ce in kafa turke. Na ɗaga da ƙarfi don masu kallo, na sauke ta a kan babban yatsana. Ban yi kuka ba, na dai zagaya gidan da gudu ina yabon Ubangiji. Da na dawo ya ce, "Turke a karkace ake kafa shi, kansa yana kallon waje, in iska ta ja igiya ya ƙara nutsewa. In ka kafa shi a miƙe, iska za ta zare shi kamar haƙorin tsoho." Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini a duk wannan hutun.

Abin da ba wanda ya gaya muku shi ne wanki. Ku lissafa da kanku: yaro ya ci shinkafa, ya ɗora kek, ya kora da zoɓo, sannan ya shiga ya yi tsalle. Abin da ya shiga ba ya daɗewa. Washegari a bayan shago ni ne da bokiti da tsumma, ina rarrafe a ciki ina kankare cingam da farce. Na tsinci abubuwa a gidan nan da in na jera su za a buɗe shago: ɗan kunne, safa, haƙorin yaro, cinyar kaza da aka ɓoye don gaba. Kuma ba a naɗe shi da danshi. Mun taɓa yin gaggawa muka naɗe shi a jiƙe, da muka buɗe bayan kwanaki har kudajen layin suka yi ƙaura.

Sai kuma iyaye. A wani biki a Sabon Gari wani uba mai tumbi ya cire hula ya miƙa mini, ya ce zai shiga ya gwada ko gidan yana da lafiya kafin 'ya'yansa su hau. Madam ta tare ƙofa tana murmushi.

"Yallaɓai, lafiyarsa ƙalau. In ka shiga ne za mu kai shi asibiti."

Akwai uwar da za ta ce ɗanta ba zai cire takalmi ba, sabo ne, kada a sace. Akwai wadda za ta tura jariri cikin ƙarti 'yan firamare ta ce ai yana da ƙarfi. Amma babbar fitina ita ce duk iyayen garin nan kasuwa ɗaya suke zuwa. Bayan Sallah ko Kirsimeti sai ka ga tabarma cike da takalmi iri ɗaya, launi ɗaya, kamar an haife su rana ɗaya. Ga yaran da ke shiga da tsoho su fito su zura sabo, su tafi suna fito. Dole na koyi sanin mutum ta ƙafa: wannan dunduniyarsa ta cinye ta hagu, wancan an ɗaure maɗaurinsa da zare, wannan yana warin da ba a mantawa. Har yau in aka gabatar mini da mutum ƙasa nake fara kallo. A coci tsofaffi suna cewa, "Yaron nan na Saraya akwai kunya." Yara kuwa suka naɗa ni Sarkin Takalma, sunan ya bi ni har makaranta. Ni kuma ba abin da nake mafarki sai ranar da za a rataya mini usur.

Hutu na biyu shi ne mummunar shekara. Wani hoton bidiyo ya shiga wayoyi, an nuna iska ta ɗauke wani gidan tsalle sama, mutane suna bin sa da gudu. Ba wanda ya san garin da abin ya faru, amma kowace gwaggo ta rantse a unguwar ƙawarta ne. Aiki ya ɗauke ɗif. Masu biki suna ɗaukar kujeru da rumfa, in an ambaci gidan tsalle su ce Allah ya kiyaye. Gidan ya kwanta a kusurwar shago, ɓeraye suka tare a ciki har da 'yan biki, ni da Malam Tanimu muna bin ɓarnarsu da gam da faci. Rannan na ji Madam tana magana da wani mutum mai sayen tsohuwar roba, yana yanka ta yana sayar wa manoma su rufe masara. Ya shafa jikin gidan ya ce robar tana da kauri. Ni kuma da na ji kalmar masara sai na ga Kawu yana miƙo mini fartanya.

Ana cikin haka Anti Saratu ta zo shago. Tsohuwar malamar firamare ce, ta koyar da ni, kuma bayana bai manta ta ba. Ita ce shugabar matan da ke shirya ranar yara a Samaru duk dogon hutu, matan coci da matan Islamiyya a haɗe, a filin wata makarantar firamare. A ranar ma'aikatan asibitin unguwa suna kafa tebur, su auna jarirai, su raba gidan sauro, su koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari. Akwai teburin da ake taimaka wa mata sa yara a makaranta ko neman takardar haihuwa, da na masu son koyon ɗinki da saƙa, da wata rumfa a gefe inda macen da ke da damuwar gida za ta zauna a saurare ta ba tare da duniya ta ji ba. 'Yan agaji kuma suna tara yara su ja musu kunne: ban da wanka a kududdufi da damina, ban da tsallaka babban titi da gudu, ban da taɓa wayar wuta da ta faɗo. Duk abin kirki ne. Matsalar ita ce ba yaron da zai bar ƙwallo ya zo jin wa'azi, kuma in yara ba su ja zanen iyayensu ba, iyaye ba sa zuwa. Anti Saratu ta ce a taron da ya wuce ma'aikatan asibiti sun wuni suna korar ƙuda.

"Maman Ebuka, gidanki nake so. Shi ne zai jawo su. Amma in gaya miki gaskiya, rabin kwamiti ba su yarda ba. Ni na tsaya miki. In yaro ɗaya ya ji ciwo, ni da ke mun shiga bakin duniya, kuma ba mai sake kiran ki ko a bikin 'yar tsana."

"Anti, in yaro ya ji ciwo a gidana, ba sai mai roba ya zo ba. Da almakashina zan yanka shi."

Anti Saratu ta juyo ta gan ni a bayan kujeru. "Wannan ma yana cikin ma'aikatan?"

"Shi ne mai takalma."

Ta harare ni, irin hararar da take yi kafin ta ɗauko bulala. "To, Allah ya rufa asiri."

Ranar taron mun kafa turaku kamar giwa za mu ɗaure. Malam Tanimu ya bi kowace igiya yana ja da nauyinsa, Madam ta bi bayansa ta sake ja. Dabarar Anti Saratu kuwa ta yi aiki. Sai yaro ya zauna ya saurari 'yan agaji, an shafa masa shuɗin alli a bayan hannu, sannan ya shiga layinmu. Ban taɓa ganin yara suna rantsuwa da gaggawa cewa ba za su je kududdufi ba irin ranar. Filin ya cika, layin awon jarirai ya kai bakin ƙofar makaranta. Matan kwamitin da ba su yarda ba suka jera kujeru kusa da mu, suka harɗe hannu, suna jiran abin da suka faɗa ya tabbata.

Madam tana shigar da yara rukuni-rukuni, manya daban, ƙanana daban. A rukunin ƙanana ne wata yarinya ta iso, ba ta wuce shekara huɗu ba, sunanta Godiya. Takalmanta ja ne, irin masu kuka in an taka. Ta ƙi cirewa. Na lallashe ta, na yi mata alkawarin duniya, har na ce ni da kaina zan zauna a kansu kamar kaza.

"Kar ka zauna, za su fashe," in ji ta. Ta cire, ta jera su a bakin tabarma, ta nuna ni da yatsa. "In suka ɓata zan gaya wa Mamana, kuma Mamana tana da muciya."

Bayan azahar gabas ta haɗe. Duk wanda ya san damina a Zariya ya san ba ruwan ne abin tsoro ba, iskar da ke share masa hanya ce. Tun kafin ganye ya motsa Madam ta busa usur mai tsawo, ta tsaya a ƙofa tana fito da yara. Sai iskar ta iso gaba ɗaya. Kujeru suka fara tafiya da kansu, rumfar ma'aikatan asibiti ta ɗaga ƙafa ɗaya, Madam ta ruga ta kama musu. Iyaye suka yi ca a kan tabarmata, kowa yana fizgar ɗa da hannu ɗaya, takalmi da ɗayan. Wasu mata biyu suka kama sandal ɗaya suna ja, na tsaya raba su da ilimin dunduniya. Gidan yana girgiza amma turaku sun riƙe. Da ɗigon farko ya sauka, Malam Tanimu ya leƙa ƙofa bai ga kowa ba, ya kashe janareta, ya zare waya, ya ja inji zuwa baranda, domin wuta da ruwa ba sa zama inuwa ɗaya.

Na juyo zan naɗe tabarma. Ta zama wayam, sai jajayen takalma biyu a bakinta, a jere yadda aka bar su.

Na dubi gidan. Ginshiƙan sun fara durƙusawa, rufin yana saukowa. Na kira Madam, iska ta kwashe muryar ta kai Shika. Na kira Malam Tanimu, ya ba ni baya yana fama da inji. Na tuna muciya, na tuna almakashi, na tuna yarinya ƙarama a bayan ginshiƙi. Sai na faɗa ciki.

Ina so in ce na shiga kamar jarumi. Gaskiyar ita ce na shiga kamar akuyar da na koya wa hawa katanga. Ƙasa ta yi laushi, ƙafata tana nutsewa, na faɗi, na tashi, na sake faɗi. Ina rarrafe ina kiran Godiya, na kai kusurwa ta farko ba kowa, ina juyawa rufin ya sauko mini a ka. Duhu ya rufe. Wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar roba ba, tare da warin ƙafar yaran Samaru kaf, bai san abin da ake kira nadama ba. Na ci gaba da jan ciki ina lalube, har hannuna ya taɓa wani abu a lungu, mai laushin tufafi, da kai zagayayye. Na rungume shi a ƙirjina, na duƙa a kansa, na ce, "Kar ki ji tsoro, Sarki ya zo." Ba ta amsa ba. Na ƙara ƙanƙame ta.

Sai na ji an taka ni.

Abin da ya faru a waje daga baya aka ba ni labari. 'Yan agaji, mutanen kirki, sun ga ruwa ya sauko, gida ya kwanta, ba kowa kusa, suka ce bari su taimaka. Ba wanda ya taɓa gaya musu zancen tabarma. Suka hau suna tattake shi don iska ta fita, wasu suka kama gefe suka fara ninkawa. Ni a ciki ina ihu, amma ihu a cikin roba, ga ruwa yana dukan ta, kamar sauro ne a cikin tulu. Wani mai ƙaton takalmi ya bi ta bayana, ya dawo ya sake bi, ina jin ya ɗauka iska ce ta taru wuri ɗaya ta ƙi fita. A nan wasa ya ƙare. Robar ta manne mini a fuska, ina jan numfashi ba ya zuwa, na sa gwiwar hannu na tokare ɗan wuri a gaban hancina, ɗayan hannun yana riƙe da yarinyar.

Madam ta dawo a jiƙe ta ga mutane a kan gidanta, ta ga jan abu a tabarma.

"Wa ya ce ku hau? Ku tsaya. Ba ku ga takalmi ba?"

Daidai nan wata mata ta iso da lema, goye da jariri, tana jan yarinya da ke kuka ba takalmi. "Namu ne, Madam, ga mai su nan. Tun da hadari ya taso na fizge ta daga ƙofa muka gudu aji. Ta ƙi yin shiru sai mun dawo."

Madam ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗaga hannu za ta ce a ci gaba. Godiya ta zura takalmanta, ta taka ta ji suna kuka, hankalinta ya kwanta. Sai ta nuna ƙofar gidan.

"Na Sarkin Takalma ma ruwa yana dukan su."

Madam ta duba. A bakin ƙofa, rabi a ƙarƙashin roba, ga silifas biyu, shuɗi da kore, a jere, suna kallon ciki. Malam Tanimu ya ce bai taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kowa ya sauka a hankali. Akwai wawa a ciki."

Ba a tada inji ba, don waya ta jiƙe. Hannu aka sa. 'Yan agaji, da masu dako, da iyaye maza, har da matan kwamiti masu harɗe hannu, kowa ya kama gefe aka ɗaga, Malam Tanimu ya cire takalmansa ya kutsa ya kamo ni ta ƙafa, ya jawo ni waje kamar buhun gawayi. Iska ta shiga ƙirjina, na yi tari, na buɗe ido na ga fuskoki sun yi mini rumfa. Na tattara sauran ƙarfina na miƙa abin da ke hannuna.

"Ku bar ni. Ku fara duba yarinyar."

Ƙwallo ce, an naɗe ta a cikin rigar sanyi. Wani yaro ne ya shigo da ita a ɓoye ya cusa a lungu. Godiya tana tsaye a kaina tana taka takalmi, ƙiiƙ, ƙiiƙ, tana kallo na kamar ba ta taɓa ganin abin tausayi irina ba.

Aka kai ni baranda wurin ma'aikatan asibiti. Wata sista ta duba ƙirjina da idona, ta danna haƙarƙarina ta ce ba abin da ya karye sai girman kai, ta sa aka haɗa mini ruwan gishiri da sukari a gaban mata, ta ce ga misali ya kawo kansa. Matan kwamiti suka kewaye mu, ana ta magana ƙasa-ƙasa. Wata ta ce ai ga shi nan, da ma sun faɗa, saura kaɗan a yi gawa. Madam tana tsaye, ruwa yana ɗiga daga ɗankwalinta. Na san almakashi take gani.

Anti Saratu ta ratso ta tsaya a gabana.

"Bitrus, kana gaggawar ceton rai, me ya tsayar da kai cire takalmi?"

"Anti, gaskiya ban san na cire ba."

Ta daɗe tana kallo na. Sai ta juya wurin matan.

"Yaron nan ni na koyar da shi. Na yi da baki, na yi da bulala, ban taɓa samun doka ɗaya ta zauna a kansa ba. Matar nan ta sa doka ta shige masa har ƙafa. Iska ta zo, gida bai tashi ba, yaranku duk suna hannunku. Ni dai jikokina a gidanta za su yi tsalle. Wanda ya san wani wurin da ake tsayar da aiki saboda silifas irin waɗannan, ya faɗa mini."

Aka dubi silifas ɗin, da wani ya kawo ya ajiye a gabana. Wata daga cikin masu harɗe hannu ta fara dariya, ta kasa tsayawa, saura suka kama. Kafin ruwa ya ɗauke, ita ce ta ja Madam gefe tana tambaya ko gidan yana da aiki ranar sunan jikanta.

Mai sayen roba ya dawo ya tarar ba ma nan, muna wurin aiki. Madam ta ƙara doka: duk inda muka je, sai ta tara masu taimako tun da safe ta gaya musu ba mai taɓa gida sai mai takalma ya ɗaga tabarma sama ya kaɗa ta kowa ya gani. Ni ma an ƙara mini tawa, da ranƙwashi: in na ga takalmi, in riƙe mutum da hannu in gaya masa kafin in yi jarumta. Na ce da ina da usur ai da duk wannan bai faru ba. Ta ce da usur a bakina da na haɗiye shi. Daga baya dai ta saya mini, ƙarami, na roba, irin na cikin alewa.

Ta kuma saya mini sababbin silifas baƙaƙe, irin na kowa. Na sa, na zagaya shago ina taƙama. Ta dube su, ta dube ni, sai ta ce in cire.

"Mayar da naka. Da waɗannan ne a ƙofa ranar nan, da mun ce na wani ne ya manta, da yanzu kana naɗe a kusurwa tare da ɓeraye."

Don haka ku masu tare ni a wurin mai ƙosai, na ji, zan kai ku. Za ku wanke abin da zoɓo ya bari, za ku daki yatsa, uwar wani za ta kira ku ɓarawon sandal. Amma kafin mu hau mota zuwa Sabon Gari, kowa ya miƙo ƙafarsa in gani. Wanda takalminsa ke da kyau ya koma gida ya sako wanda uwarsa ke jin kunya.